Ƙanena zai auri mace mai HIV, gida ya rikice: ku ba ni shawara

Uwar Zaure: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata 'yar'uwarmu ce ta turo wannan saƙo ta akwatin sirri, ta ce a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta rubuto. Don Allah a yi magana da ladabi, duk wanda ya yi zagi zan goge.

"Salamu alaikum. Ni ce babba a ɗakinmu. Ƙanena mai bi na yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, yanzu yana neman ƙara aure da wata bazawara da mijinta ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Tun kafin magana ta yi nisa, ita da bakinta ta gaya masa tana ɗauke da HIV, a wurin marigayin ta samu, kuma shekara shida ke nan tana shan magani. Shi an gwada shi, ba ya da ita. Ya ce ya ji ya gani. Sun je wurin likitanta tare, an nuna masa takardar gwaji, an ce masa ƙwayar cutar ta yi ƙasa a jininta har na'ura ba ta ganin ta, don haka ba za ta sa masa ba. To magana ta fita, ta kai kunnen Hajiyarmu da uwargidansa. Hajiya kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, kuka kawai take tana cewa zai kashe kansa ya kashe mata jikoki. Uwargida ta kwashe yara ta tafi gidansu. Ni aka sa a tsakiya. Na je na ga matar, wallahi in ba an faɗa miki ba ba za ki ce tana da wani ciwo ba, ga hankali ga natsuwa. Amma zuciyata ta kasa kwanciya. Shin da gaske mai wannan cuta zai yi zaman aure da mai lafiya bai sa masa ba? Ko so ne ya rufe wa ƙanena ido?"

Baban Khalifa: Yaya ki yi haƙuri, amma wannan ganganci ne. Mata sun ƙare ne a gari? Mu da muka ga abin da ƙanjamau ya yi a unguwarmu wajen shekarar 2000 ba za a gaya mana ba. Da hannuna na ɗauki abokina zuwa makwancinsa, ya rame har ba a gane shi. Ba a banza ake ce wa ciwon nan kabari kusa ba. Ki tsaya bayan Hajiya.

Maman Husna: Ni uwargidan nake tausaya wa. Tana zaune lafiya da 'ya'yanta a zo a haɗa ta da abin da ba ta nema ba.

Sistar Awo: Baban Khalifa, Allah ya jiƙan abokinka. Abin da ka gani gaskiya ne, ni ma na gani, lokacin ina ɗaliba. Amma abokinka ya rasu ne a zamanin da magani bai wadata ba, wanda ake samu ma sai mai kuɗi. Yau ƙwaya ɗaya ake sha a rana, a asibiti muna ce mata TLD, magani uku ne aka haɗe a cikinta, kuma kyauta ake bayarwa. Shekarata goma sha huɗu a ɗakin awo. Matan da suke kan magani suna zuwa da mazajensu marasa cutar, a gwada mijin shekara da shekaru ana samun sa lafiya, su haihu a gwada jaririn a samu lafiya. Abin da aka gaya wa ƙanen wannan baiwar Allah ba yaudara ba ce.

Baban Khalifa: Sista, ai sa'a ce kawai suka yi. Wani ma yana tsallaka titi ido rufe ya tsira.

Likitan Zaure: Maganar Baban Khalifa tana kan hanya, don masana ma sun daɗe suna gardama a kan ko sa'a ce. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Abin da ke sa mutum ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar shi ne yawan ƙwayar da ke yawo a jininsa da ruwan jikinsa. Akwai gwajin da ke ƙirga ta, shi ne za ku ji ana cewa bairal lod a asibiti. A jini mililita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi, wanda ba ya shan magani zai iya samun ƙwaya dubu goma, dubu ɗari, wani har miliyan. Aikin maganin shi ne ya hana ƙwayar hayayyafa. Idan aka sha shi kullum, yawanci cikin wata shida ko ƙasa da haka, adadin yana faɗuwa har na'ura ta kasa ƙirga shi.

An fara lura da alaƙar nan a Rakai ta ƙasar Uganda. A binciken da aka wallafa a 2000, an bi ma'aurata 415 da ɗaya ke da cutar ɗaya ba ya da ita, aka ga babu wanda ya kamu a gidajen da ƙwayar mai cutar take ƙasa da 1,500 a mililita ɗaya. A 2008 likitocin Suwizalan suka fito fili suka ce mai shan magani da ƙwayarsa ta kwanta ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Duniya ta yi musu ca, aka ce sun yi gaggawa. Sai aka zo da manyan bincike.

Na farko ana ce masa HPTN 052, ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9, cikinsu har da Malawi, Zimbabuwe, Kenya, Botsuwana da Afirka ta Kudu. A 2011 aka sanar cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari. Da aka wallafa sakamakon ƙarshe a 2016, mutum 8 ne aka samu sun kamu daga abokan zamansu bayan an fara magani: huɗu a farkon farawa kafin ƙwayar ta kwanta, huɗu kuma lokacin da maganin ya daina riƙe ta. A cikin waɗanda ƙwayarsu ta kwanta ta zauna a kwance, babu ko ɗaya.

Na biyu shi ne PARTNER, a ƙasashen Turai 14, gidajen abokan zama 888, an ƙirga saduwa kusan 58,000 babu kwaroron roba. Mutum 11 sun kamu a lokacin binciken, amma da aka duba irin ƙwayar da ke jikinsu aka kwatanta da ta abokan zamansu, ba iri ɗaya ba ce. Daga waje suka kwaso ta. Daga abokin zaman da ke shan magani kuwa, sifili.

Daga nan ne aka samo taken U=U da ya fara yaɗuwa a 2016, ma'anarsa wanda ba a iya ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa wani ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tabbatar da haka a Yulin 2023 a taron da aka yi a Birisben ta Ostireliya. Sa'a tana faruwa sau ɗaya sau biyu, Baban Khalifa, ba ta faruwa sau dubu hamsin da takwas a jere.

Ɗan Damagaram: Lokotoro mun gode. To ni abin da ban gane ba, in na'ura ba ta ganin ta ai ta warke ke nan? Nan wajenmu wani ya ce an auna shi an ce babu sida, wato ƙanjamau, a jininshi, ya bar shan magani.

Likitan Zaure: A'a, nan ne mutane ke halaka, ka yi ƙoƙari ka nemo mutumin nan ka mayar da shi asibiti. Ƙwayar tana laɓewa a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki inda magani ba ya fitar da ita. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka. Muddin ana shan magani ba ya tashi, in aka daina, cikin 'yan makonni wutar ta dawo. Kuma gwajin nan na ɗiga jini da ake yi kafin aure zai ci gaba da nuna tana da ita har ƙarshen rayuwa, don shi sojojin da jiki ya ƙera yake nema, ba ƙwayar yake ƙirgawa ba. Gwaji biyu ne daban.

Mai Kemis: Wannan ta warkewa ita ke ba ni haushi. Kullum sai an shigo shagona da gorar ruwan magani an ce wani ya ce yana wanke jini daga ƙanjamau. Ku tuna Yahya Jammeh na Gambiya, a 2007 ya ce ya samo maganin cutar na gargajiya, aka sa marasa lafiya suka ajiye na asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Shugaban ƙasa ke nan fa. Duk wanda ya ce maka ajiye ƙwayarka ka sha nawa, ka gudu.

Baban Khalifa: To kun ga abin da nake tsoro ke nan. Likita da bakinka ka ce in an daina ta dawo. Wa zai tsaya a kanta kullum ya ga ta sha? In sun yi faɗa ta yi fushi ta daina fa? In maganin ya yanke fa? Ba mun ji a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafi hankalin kowa ya tashi ba? Rayuwar mutum shida za a ɗora a kan ƙwaya ɗaya?

Mai Kemis: Maganar yankewar magani ba ƙarya ba ce, mun ga tashin hankalin. Shirin PEPFAR na Amurka tun 2003 yake ɗauke da kaso mai yawa na maganin nan a ƙasashenmu, kuma abin kunya ne a ce har yau lafiyar mutanenmu tana rataye da siyasar wata ƙasa. Wannan faɗan da gwamnati za a yi shi. Amma wadda ta shekara shida tana sha, yawanci na wata uku ko shida ake ba ta lokaci guda, ba a wayi gari kwalba ta ƙare ba tare da an sani ba.

Sistar Awo: Batun ta yi fushi ta daina, Baban Khalifa, ita ce fa ta farko da za ta kwanta. Mace da ta binne miji da wannan ciwon ta fi ni da kai sanin abin da ajiye magani ke jawowa. Sannan shi mijin ba a ɗaure masa hannu ba. Yana iya raka ta gwajin ƙirgar, wanda ake yi aƙalla sau ɗaya a shekara, ya ga takarda da idonsa. Yana iya gwada kansa lokaci zuwa lokaci. In hankalinsa bai kwanta ba, ko aka samu tangarɗa, akwai maganin kariya da marar cutar ke sha, ana ce masa PrEP, akwai kuma kwaroron roba har a sake gwaji.

Maman Husna: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya yi maganar uwargida. Girki za su riƙa yi a madafi ɗaya. Banɗaki ɗaya. Yara za su shiga ɗakinta ta ba su abinci. In ta yanke da wuƙa tana yanka albasa fa? Ni uwa ce, dole in tambaya.

Sistar Awo: Maman Husna tambayarki ta uwa ce, babu laifi. Ba a ɗaukar HIV a kwano, ko kofi, ko buta, ko banɗaki, ko gaisawa, ko tari, ko cizon sauro. Wannan haka yake ko ga wanda ba ya shan magani. Yankan wuƙa a wurin girki ba hanyarta ba ce, ta wanke hannu ta ɗaure kamar kowa. Reza da burushin haƙori da abin yanke farce kuwa kowa ya riƙe nasa, a kowane gida ma haka ya kamata, saboda ciwon hanta na B da ya fi HIV saurin kama mutum ta jini nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta yawa a cikinmu, amma ba wanda ke kwashe yara saboda shi. Hanya ɗaya da cutar za ta iso ga uwargida ita ce ta wurin mijin. In shi bai kamu ba, ita ma ba abin da zai same ta.

Maman Husna: To amma ai hakkinta ne a gaya mata tun farko, ba ta ji a bakin duniya ba.

Ɗan Jami'a: Anti, ni kuma ina ganin sirrin matar ne. Mijin da za ta aura ta gaya wa, shi ne hakkin da ke kanta. Wa ya fitar da maganar ma tukuna? Akwai dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 a Najeriya, ta hana tona matsayin mutum ba da yardarsa ba.

Maman Husna: Ƙanena, doka daban zaman gida daban. Mijinta ne, shimfiɗa ɗaya suke haɗawa. In an ɓoye mata ta ji daga baya, ko da babu cuta aminci ya tafi.

Malamin Islamiyya: Ku duka biyun kuna da gaskiya ta wani ɓangare. A wurin malamanmu na Malikiyya, aibin da ke ba da zaɓin warware aure, irin hauka da kuturta, zaɓin na wanda aka ɓoye wa ne. Wanda aka gaya wa kafin ɗaurin aure ya ce ya yarda, ba shi da wannan zaɓin kuma, aure ya inganta. Wannan baiwar Allah ta sauke nauyin da ke kanta, ta faɗi gaskiya a lokacin da faɗar ke iya raba ta da mijin. A yaba mata. Ƙa'ida kuma ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma masana lafiya ne ke faɗin inda cutarwa take, ba mu ba. Game da uwargida, ni ina ganin da ya nemi izinin amaryar, su zauna da uwargida da likita tun kafin magana ta fita, da ba a kai nan ba. Wanda ya ɗauki sirrin mara lafiya ya kai kasuwa kuwa, ya ji tsoron Allah. Kuma a daina ɗaukar wannan ciwo a matsayin shaidar alfasha. Ga mace nan ta same shi a ɗakin aurenta na sunna. Wasu jarirai da shi aka haife su.

Uwar Zaure: Wata 'yar'uwa ta sake turo saƙo ta akwatin sirri bayan ta karanta muhawarar. Ga shi:

"Na daɗe a zauren nan, muna gaisawa da yawancinku, ba wanda ya san ina da HIV. Shekara goma sha ɗaya ke nan. A wurin awon cikina na fari aka gano. Aka kira mijina aka gwada shi, ba ya da ita. Har yau ban san inda na samu ba, abin da na sani an taɓa ƙara mini jini ina yarinya.

Abin da nake so Yaya mai tambaya ta sani shi ne, ciwon bai wahalar da ni kamar yadda tsoro ya wahalar da ni ba. Shekara huɗu ina ganin kaina kamar guba. Na ware kofina da cokalina ba wanda ya sa ni. In ɗana ya faɗi ya ji ciwo sai in kira maƙwabciya ta wanke masa, ina tsoron hannuna. In mijina ya yi zazzaɓi ba na barci, ina cewa shi ke nan na kashe shi. Sau biyu ina roƙon sa ya sake ni. Duk wannan ina shan magani, kuma takardata tana nuna ƙwayar ta kwanta, amma ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini ma'anar hakan. Sai dai a ce Madam sakamakonki ya yi kyau, ci gaba da sha. Ranar da wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce, kin san ba za ki iya sa wa maigidanki ba ko? sai da na sa ta maimaita sau uku. Na fito na zauna a gindin bishiya a harabar asibitin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini ina da cutar.

Yanzu 'ya'yana uku, duk an gwada su lafiya. Mijina ana gwada shi duk shekara, lafiya.

Amma bari in gaya muku abin da tsangwama ke yi. Akwai asibiti kusa da gidanmu, ban taɓa karɓar magani a can ba, don wata 'yar unguwarmu tana aiki a wurin kuma na ji yadda take ba da labarin mutane a gidan biki. Mota biyu nake hawa zuwa wani gari. Ina juye ƙwayoyin a robar maganin ƙarin jini. Lokacin da surukata ta zo ta yi wata guda a ɗakina, sai da na tsallake kwanaki ban sha ba saboda idonta na kaina. Ku duba fa: tsoron bakin mutane ne ya kusa sa ƙwayar ta tashi, in ta tashi kuma ɗan nata ne a haɗari. Masu gudun mu suna ganin kare kansu suke yi, alhali su ne ke sa mutane ƙin gwaji da ɓoye magani.

Yaya, matar nan da ta faɗi gaskiya tun kafin a kai kuɗi, ta yi abin da ni ban iya yi da dangin mijina ba har yau. Kada ku sa ta yi nadamar faɗa."

Ɗan Damagaram: Allahu akbar. Allah shi ƙara miki lafiya, 'yar'uwa.

Sistar Awo: Wannan saƙon ya taɓa ni, don laifinmu ne ma'aikata. Layi ya yi tsawo, mu rubuta lamba a kati mu ce na gaba. Wasunmu kuma suna tsoron faɗa, wai kada mutane su sake. Shekara huɗu mace tana tsoron taɓa ɗanta saboda jimla ɗaya da ba a gaya mata ba. Na ɗauki wannan a kaina daga gobe.

Maman Husna: 'Yar'uwa ki yafe mini in maganata ta sosa miki rai. Ina da tambaya, kin shayar da su?

Likitan Zaure: Kafin ta amsa, bari in fayyace wannan don yana da muhimmanci in Allah ya ba su haihuwa. Sifilin da muke faɗa na saduwar aure ne. A ciki da haihuwa da shayarwa magani yana rage haɗarin ƙwarai, amma a shayarwa ba a ce sifili ba. In babu magani sam, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari ne ke kamuwa. In uwa tana shan magani tun kafin ciki kuma ƙwayar a kwance take, abin yana komawa ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙasashe irin namu ita ce uwa ta ci gaba da maganinta ta shayar, nono zalla wata shida na farko, don gudawa da tamowa sun fi kashe jarirai a nan in aka hana su nono. Ana ba jaririn maganin ruwa na makonnin farko, a gwada shi a sati shida, a sake gwadawa bayan yaye. Haka kuma sifilin bai shafi haɗa allura ba, mai cutar ba ya ba da jini, kuma maganin ba ya kare sauran cututtukan sanyi.

Uwar Zaure: Ta amsa ta ce duka ukun ta shayar, bisa shawarar asibiti.

Ɗan Jami'a: Wani abu da na lura. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49. A Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne. Kaɗan ne a lissafi, amma ku auna yawanmu. Kuma tunda Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, irin wannan magana za ta riƙa tasowa a gidaje da yawa. In abin da iyaye suka sani kawai shi ne a fasa, to mutane za su koma neman takardar bogi.

Mai Kemis: Ana ma nema. An taɓa zuwa wurina ana tambaya ko na san inda ake yi. Mutum ya gwammace ya sayi takarda ya shiga da ƙwaya dubu ɗari a jininsa da a ce an san shi a layin karɓar magani. Wannan shi ne auren da ya kamata Hajiya ta ji wa tsoro.

Baban Khalifa: Na karanta duka, har saƙon 'yar'uwar nan sau biyu. Kalmar da na faɗa a sama ta kabari na janye ta, ban san akwai mai ciwon a cikinmu ba, ko da babu ma bai kamata ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ni da kaina ba na jin zan iya. Abin da na gani da idona ya zauna mini a rai. Sai dai ba zan ƙara cewa a hana wanda ya ji zai iya ba.

Malamin Islamiyya: Ba a tilasta wa kowa aure, Baban Khalifa. Abin da ake nema a wurinka kada ka guje su a sahu ko a kwano.

Uwar Zaure: Mai tambaya ta dawo:

"Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Hajiya wasu daga ciki, musamman na 'yar'uwar nan mai 'ya'ya uku. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ita dai sai ta ji daga bakin likita ido da ido. Wannan ma ci gaba ne, jiya ko sunan matar ba ta son ji. Uwargida ce har yanzu ba ta ɗaukar wayar kowa. Mahaifinta ya aiko a gaya wa ƙanena ya zaɓa. Ni ban ga laifinta ba, a bakin maƙwabta ta ji, kuma abin da aka gaya mata shi ne mijinta ma ya riga ya kamu. Ta ina zan fara?"

Maman Husna: Ki je da kanki, kada ki aika. Kada ki fara da maganar amarya ko ta bincike. Ki fara da ba ta haƙuri a kan yadda ta ji, don an yi mata ba daidai ba. Kishi ma yana nan a ciki, kada a lulluɓe shi da maganar cuta, a bar ta ta yi fushinta. Shi kuma ƙanen naki ya sauke kai ya je gaban mahaifinta.

Sistar Awo: Ƙari a kan na Maman Husna: tunda an ce mata mijin ya kamu, su je a gwada su tare, ita da shi, a asibitin da ita ta zaɓa, ta ga sakamakon da idonta. Minti ashirin ne. Zuwan Hajiya wurin likita kuma, ku fara neman izinin matar, don likita ba zai buɗe fayil ɗinta ga kowa ba sai ta yarda, kuma haka ya kamata. In ta amince, ta riƙo takardar gwajin ƙirga ta baya-bayan nan da katin karɓar maganinta.

Uwar Zaure: Ta ce za ta kira matar yau bayan Magariba ta tambaye ta, gobe kuma ta wuce gidan su uwargida. Zan bar zaren a buɗe, in ta turo yadda ake ciki zan sa a nan.